Ranar Da Kyaftin Mamuda Ya Hau Jirgin Ruwa

Wani mutum ne a Malumfashi, Alhaji Mamuda sunansa na yanka, amma in ka shiga garin kana tambayar Alhaji Mamuda sai ka wuni kana yawo. Ka ce Kyaftin kawai. Ko akuyar unguwa ta san ƙofar gidansa.

Asalin sunan kuwa, zamanin ƙuruciya ya yi shekara bakwai a Legas. Da ya dawo ya zo da rediyo mai kaset, da agogon hannu mai sarƙa, da labarin da har yau bai ƙare ba. In ji shi, jirgin ruwa ya tuƙa. Ba ƙaramin jirgi ba, irin wanda in kana gindinsa kana son zuwa goshinsa sai ka tari acaɓa. Ya ga kifin da ya haɗiye tankar mai ya yi gyatsa. Ya ga igiyar ruwan da ta ɗaga su sama har suka gaisa da matuƙin jirgin sama ta taga. Kullum da yamma, a gindin darbejiyar garejin Ilu Makaniki, majalisa na cika, Kyaftin na tuƙi da baki.

Ilu ne kaɗai ba ya saye.

"Kyaftin, ranar Juma'a za mu dam. Ka zo ka nuna mana yadda ake riƙe kwalekwale."

"Ilu ke nan. Wanda ya saba kiwon giwa ai ba a kiransa tsaron ɓera."

Matarsa Hajiya Yalwa, wadda suka yi zaman Legas ɗin tare, ba ta taɓa cewa eh ba, ba ta taɓa cewa a'a ba. Ita dai da ya fara sai tari ya kama ta, ta miƙe ta ce bari ta duba tukunya. Shekara talatin da biyar tana duba tukunyar nan.

Gaskiyar magana, ruwa mafi zurfi da Alhaji Mamuda ya taɓa shiga shi ne na baho. Abin da ya yi a Legas kuwa, shi da Hajiya da Mahaliccinsu suka sani.

To akwai autarsa Bara'atu. Ita tun tana goye take shan labarin teku, ta yarda da shi ɗari bisa ɗari. A makaranta har dambe ta yi da wadda ta ce ubanta maƙaryaci ne. Ta girma, ta auri Muntari, ɗan Malam Isiyaku, wani tsohon hedimasta na Bakori, mutum mai sanyi wanda in ya yi magana goma a wuni to ranar ya yi surutu. Ana nan Muntari ya samu aiki a Amurka, a wani birni na bakin teku da ake kira Boston. Ranar da ya zo sallama, zaure cike da jama'a, Alhaji ya gyara hula.

"Boston ka ce? Ai unguwarmu ce. Sau goma sha ɗaya na ɗaure jirgi a can. In ka je bakin ruwa ka ce kai surukin Kyaftin ne, za ka ga aiki."

A ransa ya ce, wa zai je ya duba? Ya manta baki shi ke yanka wuya.

Shekara huɗu bayan nan Bara'atu, wadda ta bi mijinta, ta gama karatun jinya a can, aka aiko a zo biki. Ga biza, ga tikiti: shi, da Hajiya, da Malam Isiyaku. Alhaji ya ce gwiwarsa na ciwo. Aka kawo man zafi. Ya ce gero ya isa girbi. Aka ce ai ko shuka ba a yi ba. Majalisa kuma ta ɗauka, kowa ya gan shi sai ya ce, "Kyaftin za a koma gida ke nan." Ilu har gida ya biyo shi ya ce don Allah in ya isa bakin ruwan nan ya kira su ta bidiyo, su ma su ga inda aka sha gwagwarmaya. Hanya ta toshe gaba da baya. Haka Alhaji ya hau jirgin sama yana murmushin da bai wuce leɓe ba.

An yi biki lafiya. Washegari Asabar, ana karyawa, Bara'atu ta durƙusa gabansa fuskarta fal murna.

"Baba, yau ranarka ce. Za mu zaga tsohon gari, wuraren tarihi duka. Muntari ya so ya ɗauko mai yi wa baƙi jagora, na ce masa ina amfanin wani jagora ga Baba a gida?"

Shayin da ke bakin Alhaji ya nemi ya bi ta hanci. Ya haɗiye shi da ƙyar.

"Kin kyauta. Jagora kuma na me? Su da aka haifa jiya."

Hajiya ta yi tari. Babu tukunya a kusa, sai ta duba jakarta.

Ya zuba babbar riga fara mai aiki har gwiwa, ya kafa hula, ya sa tabarau baƙi. Suka fito su biyar. Allah ya taimake shi, mutanen garin sun shimfiɗa wani jan layi na bulo a ƙasa, wanda in ka bi shi zai kai ka daga wannan wurin tarihi zuwa wancan. Muntari na nuna masa, Alhaji ya ji wani sanyi a ransa. Faɗuwa ta zo daidai da zama.

"Har yanzu layin nan na nan?" ya ce. "A gabana aka ja shi. Ku biyo ni."

Ya shige gaba yana baza riga, ido ɗaya a sama, ɗaya a kan layi.

Suka ratsa wani makeken lambu mai ciyawa kamar an shimfiɗa darduma. Kuregu manya-manya, masu ƙiba kamar 'ya'yan gata, suna zirga-zirga tsakanin ƙafafun mutane. Hajiya ta tsaya tana kallo.

"Ikon Allah. Su waɗannan ba a cin su ne?"

"Na gwamnati ne," in ji Alhaji. "Kowanne da lambarsa."

Gaba kaɗan sai ga wani ƙaton gini bisa tudu, da ƙubba mai ruwan zinariya tana walƙiya. Alhaji ya tsaya, ya cire tabarau, ya girgiza kai kamar mai tuna baya.

"Allahu akbar. A nan muke sallar Juma'a. Sahun gaba nake samu kullum."

Malam Isiyaku ya matsa kusa da wani allo, ya ɗaga gilashinsa, ya karanta a nutse.

"Alhaji, nan an rubuta majalisar dokokin jiha ce. Fiye da shekara ɗari biyu."

"Sun mayar da shi majalisa ke nan. Duniya ina za ki da mu."

"Shekara ɗari biyu fa aka rubuta."

"Malam, kai da ka yi aikin gwamnati, yaushe ka fara yarda da allon gwamnati?"

Malam Isiyaku ya ce, "Haka ne," ya mayar da gilashinsa aljihu. Wannan "haka ne" ɗin ya tsaya wa Alhaji a rai. Tun ranar ɗaurin aure yake jin mutumin nan na auna shi da ido, kuma a duniya ba wanda yake so ya burge irin surukin nan nasa mai shiru.

Suka isa wata tsohuwar maƙabarta a tsakiyar gari, duwatsun kaburbura sun yi baƙi, wasu sun karkace. Alhaji ya ga dama ta samu. Ya zaɓi dutse ɗaya, ya tsaya a kansa, ya sunkuyar da kai.

"Ga shi nan. Abokina ne, Bature, tare muka yi aiki. Mutumin kirki, sai dai rowa. Ashe ya riga mu."

Idon Bara'atu ya kawo ruwa. Muntari ya duƙa ya dubi dutsen, ya ɗago, ya dubi mahaifinsa, ya dubi sama. Kunyar suruki ta ɗaure masa baki. Malam Isiyaku ne ya duƙa shi ma.

"Alhaji, mai kabarin nan mace ce. Ta rasu a alif ɗari bakwai da sittin da tara."

"Kakarsa ce. A kanta aka binne shi. Ba na ce muku marowaci ne ba?"

"Haka ne," in ji Malam Isiyaku.

Daga nan Alhaji ya ga alluna sun yi masa yawa a hanyar nan. Kowane lungu allo, kowane allo kuma sai hedimasta ya karanta. Sai ya yi dabara.

"Wannan layin na baƙi ne, zagaye yake. Ku zo in bi da ku ta ratse, hanyar 'yan gari."

Ya karya kwana. Ya sake karya wata. Tituna suka ƙanƙance, gidajen jan bulo duk iri ɗaya kamar an haife su rana guda. Gumi ya fara tsattsafo masa ƙarƙashin hula. Can ya hango wani jan fenti a gefen titi, ya ce a ransa alhamdu lillahi ga layi ya dawo, ya bi shi da sauri. Jan fentin ya kai su tiryan-tiryan bayan wani gidan abinci, gaban manyan durom-durom na shara guda huɗu, da bango. Wani tsuntsun teku fari na tsaye a kan ɗaya yana kallon su da ido ɗaya.



"Nan ne tsohuwar kasuwar kifi," in ji Alhaji. "Ba ku ji ƙarni ba?"

"Mun ji," in ji Hajiya, ta toshe hanci da mayafi.

Muntari ya zaro waya a ɓoye, ya duba taswira, ya ce cikin ladabi, "Baba, ko mu gwada ta nan, wataƙila sun canja hanyar bayan tafiyarka."

"Sun canja. Da ma abin da nake shirin faɗa ke nan."

Suka koma kan layi. Suka wuce mutum-mutumin wani bisa doki, wanda aka ce shi ya yi sukuwa ya sanar da mutanen gari sojan Ingila na tafe. Alhaji ya ce ya san jikansa, direban tasi ne. Suka leƙa wata tsohuwar majami'a mai doguwar hasumiya, da wani gidan katako da ya tsufa har ya sunkuya. Hajiya ta ce in a Malumfashi ne da tuni an rushe shi an yi shaguna. Aka ɗauki hotuna. A kowane hoto Alhaji na nuna wani abu da yatsa.

Rana ta take, suka shiga wani gidan abinci a bakin ruwa. Bara'atu ta ce, "Baba, kai za ka zaɓa mana. Me kuke ci zamaninku?"

Alhaji ya karɓi takardar abinci, rubutu ya yi masa rawa. Ya dangwala yatsa a kan layi mafi tsawo.

"Wannan. Shi ne abincin matuƙa."

Ba a jima ba aka dire masa faranti. Wata halitta ce ja wur, mai ƙahonni biyu dogaye, da hannuwa kamar filaya, da idanu a tsaye. Kunama ce sak, sai dai wannan ta yi aikin hajji ta dawo. Aka kawo masa wani ƙarfe kamar na cire ƙusa, aka ɗaura masa leda a wuya kamar jariri.

Alhaji ya dubi abin. Abin ya dube shi.

"Bismilla mana, Alhaji," in ji Malam Isiyaku, wanda ya roƙi soyayyen kifi da dankali yana ci hankali kwance.

"Ai na tuna. Mu matuƙa akwai alkawari tsakaninmu da wannan. Wata rana jirginmu ya huje, irinta ce ta toshe ramin da bayanta har muka kai gaɓa. Tun ranar na haramta wa kaina."

"To me ya sa ka ce a kawo?" in ji Hajiya.

"Don mu gaisa."

Muntari ya ƙware da ruwa. Ƙarshe dai shi ya cinye kunamar, Alhaji ya tashi da biredi da man shanu, cikinsa na kiran ciroma.

Suna fitowa Bara'atu ta kama hannunsa.

"Baba, saura babban. Na ɓoye maka ne don in ba ka mamaki. Dubi can."

Ya duba. Jirgin ruwa ne na katako irin na zamanin da, da dogayen sanduna da igiyoyi rututu kamar saƙar gizo. Bayansa kuma ruwa, shuɗi, shimfiɗe, ba iyaka.

"Yau zan ga Babana a cikin jirgi da idona," ta ce. "Tun ina yarinya nake wannan mafarkin."

 Alhaji ya dubi Hajiya neman agaji. Hajiya ta mayar da ido kan tsuntsaye.

Kafin a shiga jirgi sai da aka tara baƙi a wani ɗaki mai bencina. Wani Bature ya fito cikin shigar mutanen da, hula mai kusurwa uku, wando iya gwiwa, doguwar safa, ya hau bayani yana ɗaga hannu. Turancin Alhaji na bakin tashar Legas ne, shi ma ya yi tsatsa. Wannan kuwa ji yake kamar mutum ya cika baki da ɗanwake mai zafi yana magana. Bara'atu ta matso za ta fassara masa, ya ɗaga mata hannu.

"Ni za ki fassara wa Turanci? Fassara wa uwarki. Bari in fita in sha iska, na san labarin tun kafin a haifi wannan."

Da ya zauna ya saurara, da ya ji cewa wasan kwaikwayo ne. Shekaru aru-aru da suka wuce, mutanen garin sun fusata da harajin da Ingila ta ɗora wa ganyen shayi, suka hau jiragen da suka kawo shi suka tuttule akwatunan a teku. Shi ne yanzu ake bai wa baƙi akwatuna su jefa, a yi ihu, a yi dariya, a tuna baya. Amma Alhaji na waje yana karanto duk addu'ar da ta zo bakinsa.

A tsaye a wajen ne wata dabara ta faɗo masa. Tunda ba makawa sai ya shiga, ai gara ya ci riba. Minti biyar ne, ya tsaya a kan jirgi, Ilu ya gani da idonsa, bakin kowa ya mutu har abada. Ya duba agogo. A gida yamma ta yi, majalisa ta cika. Ya danna kira.

Fuskar Ilu ta cika waya, da baƙin mai a goshi. Bayansa kawuna sun fi goma suna turereniya.

"Kyaftin ne. Jama'a ku matso, Kyaftin ne daga Amurka."

"Ilu, kana gani? Gani ya kori ji. Ga teku, ga jirgi. Yanzu zan shiga in duba musu shi."

Jama'a suka fito daga ɗaki aka nufi jirgi. Alhaji ya miƙa wa Muntari wayar.

"Riƙe, ka saita ni sosai. Ko me ake ciki kada ka kashe sai na ce."

"To, Baba."

Ya taka katakon shiga, ido a rufe rabi, yana ambaton Allah a ciki yana murmushi a waje. Taku ɗaya, biyu, biyar. Sai ga shi a cikin jirgi. Bai mutu ba. Ƙasa ma ba ta motsi sosai. Kai, ashe abin ba wuya. Nan take ƙirji ya buɗe.

Bara'atu kuwa ta riga ta raɗa wa Baturen mai hula cewa mahaifinta tsohon kyaftin ne daga Najeriya. Bature ya washe baki, ya sanar wa jama'a, aka yi tafi raf-raf-raf. Ya cire hularsa mai kusurwa uku ya ɗora a kan hular Alhaji, ya sara masa. Alhaji ya rama. Daga cikin waya aka ji majalisa ta kaure da sowa.

Shi ke nan, kai ya fashe. Ya zarce can gefen da ke fuskantar teku, ya juya wa gari baya, ya dafa katako da hannu ɗaya.

"Wannan igiyar, Ilu, ita ake ja in za a yi kwana. Wannan kuma birki ce. Jirgin dai ba laifi, amma ƙarami ne. Irinsa muke ratayawa a gefen namu saboda zuwa cefane."

Bai rufe baki ba sai wani ƙaton jirgin fasinja fari ya danno kai ta gabansu, ya saki ƙaho, buuuum.  Jirgin nan ya yi ta wucewa, taga bayan taga, har idon Alhaji ya rikice, ya ga kamar wancan ne a tsaye, nasu ne ke tafiya. Sai kuma igiyar ruwan da ya taso ta iso. Jirginsu ya yi sama a hankali, ya dawo. Ya karkata hagu, katako ya yi ƙara, ƙiiii. Ya karkata dama.

An tashi. Wallahi an tashi da shi.

Biredi da man shanu suka taso suka tsaya a wuya. Ya saki katako ya rungumi sandar tsakiya da hannu biyu.

"Kyaftin, lafiya?" in ji Ilu.

"Ina, ina jin lafiyar sandar ne."

Sai aka kaɗa ƙararrawa, ƙalan-ƙalan-ƙalan. Baturen ya hau kan wani akwati ya kwarma ihu, jama'a suka amsa da ihu, suna dunƙule hannu. Kafin Alhaji ya gane me ake ciki, ya ga mutane sun ruga gefen jirgi, sun ciccibi akwatuna suna jefawa a ruwa. Tinjim. Tinjim. Maza na jefawa, mata na jefawa. Can ya hango Hajiya Yalwa da kanta, ta ɗaure mayafi a ƙugu, ita da Malam Isiyaku sun kama akwati ɗaya suna lilo da shi.

Abu ɗaya Alhaji ya sani tabbas game da teku, don ya sha jin sa daga bakin matuƙa na gaske: ba a zubar da kaya a ruwa sai jirgi zai nutse.

 Ya sulale daga jikin sanda ya zube, hula mai kusurwa uku ta rufe masa ido ɗaya. Ya ja jiki da rarrafe, babbar riga na jan ƙasa, ya cafke ƙafar Malam Isiyaku.

"Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Malam, ta ƙare. Malam, ban iya ruwa ba."

"Alhaji, ai..."

"Kada ka katse ni, lokaci ya ƙure. Kai malami ne, ka zama shaida, ba zan gamu da Ubangijina da wannan kaya a kai ba. Ban taɓa tuƙa jirgi ba. Ban taɓa shiga ba. Yau ne farko, ga shi ya zama na ƙarshe."

"Baba," in ji Bara'atu.

"Bara'atu, ki yafe mini. Shayi nake sayarwa. Shayi, a ƙofar tashar jiragen Apapa. Tebur ɗaya, benci biyu. Ni ke haɗawa, uwarki ke soya ƙwai. Matuƙa in sun sauko su zauna su sha su yi hira, ni kuma in kwashe. Kifin da ya haɗiye tanka ma ba su faɗa ba, ni na ƙara. Boston kuwa a jikin kwalin wani na ga sunan. Ban san kowa a maƙabartar nan ba, Allah ya ji ƙan baiwar Allah, na yi mata ƙazafin jika. In wani ya tsira a cikinku, ya nemar mini gafarar Ilu. Shekara talatin yana da gaskiya."

Ya runtse ido, ya ɗaga yatsa, ya yi kalmar shahada da ƙarfi, ya jira ruwa.

Ruwa bai zo ba.

Abin da ya ji shi ne shiru, sai kukan tsuntsayen teku. Jirgi ya daina lilo. Ya buɗe ido ɗaya. Turawa sun yi da'ira suna kallon sa, wasu na murmushi, sun ɗauka cikin wasan ne. Wata tsohuwa mai sanda har ta fara tafi. A gefe kuma wani ma'aikaci na jawo akwatunan nan daga ruwa ɗaya bayan ɗaya, kowanne da igiyarsa, yana jera su don baƙi na gaba.

Bara'atu ta durƙusa kusa da shi. Fuskarta ta rasa inda za ta tsaya, tsakanin kuka da dariya.

"Baba, jirgin nan a ɗaure yake. Ba ya zuwa ko'ina. Waiwaya ka gani."

Ya waiwaya. Ga igiya mai kaurin cinya ta ɗaure jirgi tam da gaɓa. Ga katakon da ya shigo ta kai, taku biyar, ko gezau bai yi ba. Ga wani can a bakin titi yana shan askirim yana kallon su.

"Tashi, Alhaji," in ji Hajiya. "Rigarka ta gama share musu jirgi."

Ya saki ƙafar Malam Isiyaku a hankali. Ya miƙe, ya kakkaɓe gwiwa, ya gyara huluna biyun da ke kansa. Ya yi gyaran murya.

"To. Madalla. Da ma gwada ku nake, in ga wa zai ruɗe in hatsari ya taso. Haka muke yi wa sababbin ma'aikata."

 Malam Isiyaku ya duƙa yana gyara ƙafar wandonsa, kafaɗunsa na rawa.

Sai a lokacin Alhaji ya lura da Muntari. Yana tsaye ƙiƙam inda aka bar shi, kansa a sunkuye don kunya, hannunsa a miƙe, waya na saite da fuskar surukinsa kamar yadda aka umarce shi. A cikinta kawuna sun ninka, har da masu leƙe ta saman kafaɗa. Wani ya faɗi ƙasa yana riƙe ciki.

Ilu ya matso da fuskarsa, ya share hawaye da tsumman mai, ya yi magana a nutse kamar mai jaje.

"Na yafe, Kyaftin, duniya da lahira. In Allah ya sa kun kai gaɓa lafiya, a haɗa mana shayi, kauri kofi goma sha biyu da ruwan bunu marar madara ɗaya. A ce wa Hajiya ƙwan kada ya ƙone."